C.V. Raman: Ma'aikacin baitulmalin da ya gano hasken da ake bin sawun maganin ciwon daji da shi

Idan mai ciwon daji ya sha magani, likita ya san yawan abin da ya ba shi, yana kuma iya auna wanda ya shiga jini. Abin da ya daɗe yana gagarar masana shi ne sanin inda maganin ke zuwa bayan ya kutsa cikin ƙwayar halittar da ta kamu. Ya isa inda aka aike shi, ko ya maƙale a hanya? A yau akwai ɗakunan bincike a Jamus da Amurka da wasu ƙasashe da ke iya ganin amsar a hoto, ba tare da sun shafa wa maganin rini ko wata alama ba. Na'urar da suke aiki da ita tana ɗauke da sunan Chandrasekhara Venkata Raman, wani Ba'indiye masanin fizik da ya mutu tun 1970. Bai taɓa karatun likita ba, bai kuma zauna a ajin wata jami'a ta Turai ba. Aikin akawu ya fara yi a ma'aikatar kuɗi ta gwamnatin mulkin mallaka, kuma shi ne mutumin Asiya na farko da ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyya.

Ɗan malamin makaranta

An haifi Raman ranar 7 ga Nuwamba 1888 a Tiruchirappalli, a kudancin Indiya, lokacin da ƙasar ke hannun Turawan Ingila. Iyayensa ƴan ƙabilar Tamil ne, shi ne kuma na biyu cikin ƴaƴa takwas. Mahaifinsa malamin makaranta ne, wanda daga baya ya samu aikin koyar da lissafi da fizik a wata kwaleji da ke Visakhapatnam, a bakin teku, inda iyalin suka koma tun yaron yana ƙarami. Gidan ba na masu kuɗi ba ne, amma akwai littattafai da kayan kiɗa a ciki, kuma duka biyun sun bi Raman har tsufansa.

Yana da shekara 11 ya ci jarrabawar kammala sakandare. A 1904, yana da shekara 16, ya samu digirin farko a kwalejin Presidency ta Madaras, garin da ake kira Chennai a yau, ya zo na ɗaya, aka ba shi lambar zinariya a fizik. Bayan shekara biyu, yana ɗalibi, wata tsohuwar mujallar kimiyya ta Landan mai suna Philosophical Magazine ta buga bincikensa na farko kan yadda haske ke lanƙwasa idan ya ratsa ƴar kafa.

A wancan zamani, hanyar duk yaro mai irin wannan kai ita ce Ingila. Malamansa ma abin da suka so ke nan. Sai dai Raman siriri ne mai yawan laulayi, kuma likitan da ya duba shi ya ce jikinsa ba zai jure sanyin Ingila ba. Ƙofar waje ta rufe. A gida kuwa babu aikin bincike da ake biyan Ba'indiye albashi a kansa. Sai ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar kuɗi, ya zo na ɗaya.

Akawu da rana, mai bincike da dare

A 1907 ya auri Lokasundari Ammal, aka kuma tura shi Kalkata a matsayin mataimakin babban akanta, da albashin rupi 400 a wata, kuɗi mai kauri ga saurayin da bai cika shekara 19 ba. Bai daɗe a garin ba, wata rana yana cikin jirgin titi ya hango allon wata ƙungiyar raya kimiyya a gida mai lamba 210, titin Bowbazar. Wani likita, Mahendralal Sircar, shi ya kafa ta a 1876 da kuɗin taimakon jama'a, domin Indiyawa su samu wurin bincike na kansu. Ya mutu bai ga burinsa ya cika ba: ɗakunan na nan, kayan aiki na nan sun yi ƙura, babu mai taɓa su. Raman ya nemi izini, aka ba shi makulli.

Kusan shekara goma haka rayuwarsa ta kasance. Da asuba yana ɗakin gwaji, da hantsi yana kan teburin lissafin kuɗin gwamnati, da yamma ya koma Bowbazar har dare ya raba. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Rangun a 1909, sannan Nagpur, ya mayar da gidansa ɗakin gwaji har ya dawo Kalkata a 1911. Babban mai taimaka masa a shekarun nan, Ashutosh Dey, bai yi karatun jami'a ba, amma Raman ya sa sunansa a takardun binciken da suka yi tare.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali a lokacin shi ne sauti. Ya nazarci yadda tsirkiyar gogen Turawa ke kaɗawa, da kayan kiɗan Indiya masu tsirkiya irin su vina da tambura. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa gangunan mridangam da tabla ke fitar da amo mai tsari kamar na tsirkiya, saɓanin yawancin ganguna: sirrin yana cikin baƙin ƙullun da masu haɗa su ke mannawa a tsakiyar fatar.

A 1917 Ashutosh Mukherjee, jagoran Jami'ar Kalkata, ya ba shi kujerar farfesan fizik. Albashin bai fi kusan rabin abin da yake samu a gwamnati ba, kuma yana kan hanyar manyan muƙamai. Raman ya ajiye aikin gwamnatin. Akwai sharaɗin cewa mai kujerar sai ya samu horo a waje. Ya ƙi zuwa, aka janye sharaɗin.

Me ya sa teku yake shuɗi?

Sai a 1921, yana da shekara 32, ya fara taka ƙasar Turai, a matsayin wakilin jami'arsa a wani taron jami'o'i da aka yi a Oxford. A tafiyar ce shuɗin Bahar Rum ya tsaya masa a rai. Bayanin da masana suka yarda da shi a lokacin na Lord Rayleigh ne, babban masanin Ingila da ya gano dalilin shuɗin sama: ƙananan ƙwayoyin iska sun fi watsa shuɗin haske a kan ja. Game da teku kuwa, Rayleigh ya ɗauka hoton sama ne kawai ke bayyana a kan ruwa.

Raman bai gamsu ba. A kan hanyar komawa, cikin jirgin ruwa mai suna Narkunda, ya fito da wani ɗan gilashi mai tace haske da yake ɗauke da shi, ya kawar da ƙyallin saman da ke kan ruwa, ya duba. Shuɗin bai gushe ba, sai ma ya ƙara zurfi. Ashe ruwan da kansa ke watsa hasken rana. Jirgin na isa Bombay ya aika wa mujallar Nature wasiƙa, aka buga ta a watan Nuwamba na shekarar. Daga nan ya juya akalar ɗakin gwajinsa kacokan zuwa tambaya guda: me ke faruwa da haske idan ya ratsa ruwa, ko iska, ko gilashi?

Ɗan hasken da aka ɗauka datti ne

Tun 1923 wani ɗalibinsa, K.R. Ramanathan, ya lura da wani abu mai ban haushi. Idan an haska ruwa da haske mai launi ɗaya, yawancin abin da ke watsuwa launinsa bai sauya ba, amma akwai wani ɗan ɓurɓushi mai rauni ƙwarai da launinsa ya bambanta. Zaton farko shi ne datti ne a cikin ruwan yake ƙyalli. Aka tace, aka sake tacewa, ɓurɓushin bai tafi ba. Shekara biyar yana bayyana a gwaje-gwajen ɗalibai daban-daban ba a san sunan da za a ba shi ba.

A ƙarshen 1927 aka ba Ba'amurke Arthur Compton kyautar Nobel saboda ya nuna cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana rasa wani ƙarfi idan ya yi karo da ƙwayar lantarki. Raman ya yi tunanin cewa haske na yau da kullum ma zai iya yin haka. Ya sa wani matashin abokin aikinsa, K.S. Krishnan, ya koma kan matsalar. Kayan aikinsu na farko hasken rana ne da suke tattarawa da madubin hangen nesa, da gilasai masu launi, da idon mutum da ya zauna cikin duhu har ya saba. Krishnan ya gwada ruwaye kusan 60, abin ya bayyana a dukkansu. Ranar 16 ga Fabrairu 1928 suka aika wa Nature sanarwa da sunayensu biyu. Ranar 28 ga wata kuma, da fitila mai ƙarfi da na'urar da ke rarraba haske zuwa launukansa kamar bakan gizo, suka ga sabon layi a fili, a wurin da babu shi cikin hasken da suka tura.

Ga abin da ke faruwa. Kowane sinadari an gina shi da ƙananan ƙwayoyin zarra da ke ɗaure da juna, kuma ɗaurin yana kaɗawa kamar tsirkiyar molo, kowane da irin amonsa. Idan haske ya faɗa a kai, kusan dukkansa yana komawa yadda ya zo. Amma kimanin ɗigo ɗaya cikin miliyan goma yana barin wani yanki na ƙarfinsa a wurin, ya sa ɗaurin ya kaɗa, shi kuma ya fito da launi dabam. Yawan ƙarfin da ya rasa ya dogara ga irin ɗaurin da ya taɓa. Saboda haka jerin layukan da kowane sinadari ke fitarwa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa. Wanda ya iya karanta su zai faɗi abin da ke cikin kwalba ba tare da ya buɗe ta ba.

Wani masani ɗan Ostiriya, Adolf Smekal, ya yi hasashen haka a takarda tun 1923, amma babu wanda ya gani da ido. Raman ya san ba shi kaɗai ke nema ba, don haka bai yi nawa ba. Ya sanar da ƴan jarida washegari, ya gabatar da lacca a Bangalor ranar 16 ga Maris, ya buga ta, ya aika wa masana a faɗin duniya. Kafin shekara ta ƙare, ɗakunan gwaji a Jamus da Faransa da Amurka sun tabbatar da abin, sunansa kuma ya manne da shi.

Nobel, da waɗanda ba a kira ba

A 1929 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. A 1930 aka ba shi Nobel ta fizik, bayan manyan masana irin su Ernest Rutherford da Niels Bohr sun gabatar da sunansa. Tun watan Yuli ya sayi tikitin jirgi biyu, nasa da na matarsa, alhali sai a Nuwamba ake sanar da wanda ya ci. Ya karɓi kyautar a Stockholm cikin Disamba da rawaninsa a ka. Daga baya ya ba da labarin yadda hawaye suka zo masa a zauren, da ya ga cewa ƙarƙashin tutar Ingila yake zaune, ƙasarsa ba ta da tata.

Kyautar ta bar baya da ƙura. A Mosko, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam sun ga abu ɗaya cikin dutsen ƙarau ranar 21 ga Fabrairu 1928, mako guda kafin ranar da Indiya ke tunawa, amma sun makara wajen bugawa. Kwamitin Nobel bai haɗa da su ba, kuma shekaru da dama masanan Tarayyar Sobiyet suna kiran abin da wani suna dabam. Krishnan ma, wanda idonsa ya yi yawancin aikin duhun, bai samu rabo ba. Ya ci gaba ya zama babban masani, shi ne kuma daraktan farko na cibiyar gwaje-gwajen fizik ta ƙasar Indiya, amma har yau masana tarihin kimiyya na muhawara kan ko an ba shi haƙƙinsa.

Shekarun Bangalor

A 1933 Raman ya bar Kalkata bayan saɓani mai zafi da wasu abokan aiki, ciki har da masanin taurari Meghnad Saha. Ya zama Ba'indiye na farko da ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalor. A 1934 ya kafa majalisar masana kimiyya ta Indiya. Ya kuma yi ƙoƙarin jawo masanan da ƴan Nazi suka kora daga Jamus, har Max Born ya zo ya yi watanni a wurinsa. Amma mutum ne mai kaifin baki, marar haƙuri da kwamiti, kuma an zarge shi da fifita sashen fizik a kan sauran. A 1937 aka tilasta masa sauka daga shugabanci, ya ci gaba da zama farfesa. Daga baya shi da Born ɗin suka shafe shekaru suna jayayya kan yadda ƙwayoyin zarra ke kaɗawa cikin lu'ulu'u da makamantansa. Masana sun bi bayan Born, Raman kuwa bai taɓa janyewa ba.

Akwai tabon da ya fi wannan. A 1933 wata ɗaliba, Kamala Bhagvat, wadda aka fi sani da Kamala Sohonie, ta nemi shiga cibiyar bayan ta yi fice a Jami'ar Bombay. Raman ya ƙi karɓarta don kawai mace ce. Ta nace, ta tsaya masa a ƙofar ofis har ya yarda, amma bisa sharuɗɗan gwaji da ba a ɗora wa maza ba. Ta gama da sakamako mai kyau, ta wuce Cambridge, ta samu digirin dakta a 1939. Bayan ita ne aka buɗe wa mata ƙofar cibiyar.

Da ya yi ritaya a 1948, ya kafa tasa cibiyar bincike a Bangalor, a filin da Sarkin Maisur ya bayar. Ya ƙi dogara ga kuɗin gwamnati don kada a riƙa juya shi, ya kuma riƙa sukar yadda gwamnatin Nehru ke zuba kuɗi a manyan gine-ginen bincike. A can ya ƙare rayuwarsa yana nazarin lu'ulu'u, da launin furanni, da yadda ido ke gani. A 1954 yana cikin mutum uku na farko da aka ba Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a Indiya. A Oktoban 1970 ya faɗi a ɗakin gwaji, aka kai shi asibiti, ya nemi a mayar da shi cibiyarsa. A nan ya mutu ranar 21 ga Nuwamba, yana da shekara 82, aka ƙone gawarsa a harabar bisa al'adar mutanensa. Ɗan ɗan'uwansa, Subrahmanyan Chandrasekhar, shi ma ya samu Nobel ta fizik a 1983.

Daga Bowbazar zuwa cikin ƙwayar ciwon daji

Raunin hasken ya sa dabarar ta yi sanyi na wasu shekaru, domin ɗaukar hoto guda kan ci sa'o'i masu yawa. Ƙirƙiro hasken leza a 1960 shi ya farfaɗo da ita. A shekarun 1970 masana a Lille ta Faransa suka haɗa ta da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, a 1990 kuma wata tawaga a Jami'ar Twente ta Holan ta karanta layukan Raman daga cikin ƙwayar halitta guda mai rai.

Amfanin wannan ga masu binciken magani babba ne. Tsohuwar hanyar bin sawun magani ita ce a liƙa masa rini mai ƙyalli. Matsalar ita ce rinin kan kai girman maganin, kamar a rataya wa akuya ƙararrawa mai nauyinta sannan a ce za a ga inda take kiwo. Abin da aka bi ba lalle ya yi halin maganin asali ba. Da na'urar Raman kuwa, ana tsuke hasken leza ya zama ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a bi ƙwayar halittar da shi ɗigo bayan ɗigo. Kwamfuta ta karanta zanen yatsan kowane wuri, ta zana taswira: nan kitse, nan furotin, nan cibiyar ƙwayar, nan kuma magani.

A 2014 masana a Jami'ar Ruhr da ke Bochum ta Jamus sun yi haka da erlotinib, maganin da ake ba wasu masu ciwon dajin huhu. A jikinsa akwai wani ɗauri da ke fitar da layi a sashen ma'aunin da kayan cikin ƙwayar halitta ba su cewa komai, don haka ya fito sarai. Sun ga inda yake taruwa, sun kuma ga alamar cewa ƙwayar ta sauya masa siffa. A shekarar dai, tawagar Sunney Xie ta Jami'ar Harvard ta yi amfani da wani salo mai sauri, wanda ke haɗa leza biyu, ta bi imatinib da nilotinib, magungunan wani nau'in ciwon dajin jini. Ta tarar suna taruwa fiye da ninki 1000 cikin lizozom, ƴan jakunkunan da ƙwayar halitta ke narkar da shararta a ciki. Maganin da ya maƙale a can bai isa wurin aikinsa ba. Da aka haɗa da kulorokin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro da mutanen Nijar suka sani da Nivaquine, yawan imatinib da ke maƙalewa ya ragu sosai. Wannan gwaji ne a kan ƙwayoyin halitta cikin faranti, ba umarnin likita ba ne ga marar lafiya, kuma haɗa magunguna ba da sanin likita ba yana da haɗari.

Dabarar tana da iyaka. Hasken har yanzu mai rauni ne, sai magani ya taru da yawa a wuri guda kafin a gan shi, kuma na'urorin na da tsada. Amma tana amsa tambayar da ke da muhimmanci ga mai jinya da danginsa: me ya sa magani ke aiki a jikin wani ya ƙi a jikin wani, me ya sa kuma wanda ya fara aiki yake dainawa.

Akwai kuma ƙaramar na'urar Raman ta riƙewa a hannu, wadda ke gane maganin jabu cikin ɗan lokaci, sau da yawa ba tare da an ɓare ledarsa ba. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta yi amfani da irinta mai suna TruScan wajen binciken magunguna a tashoshin shigo da kaya da kasuwanni. Motar bincike ta Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 ita ma tana ɗauke da na'urorin Raman don karanta duwatsu. A Indiya kuwa, tun 1987 ake bikin Ranar Kimiyya ta Ƙasa a kowace 28 ga Fabrairu, ranar da Raman da Krishnan suka ga sabon layin a titin Bowbazar.